Hoton Da Hajo Ta Ƙi Kallo

Fegge, Anaca
Lahadi, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Anti Baiwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya ɗalibanki? Mu nan ƙalau muke. Umma ta ce in gaya miki ƙafarta ta yi sauƙi tun da ta daina hawa okada. Baba ya tafi Potiskum sayen shanu, sai ƙarshen wata zai dawo. Kaka Hajo kuwa tana nan da bakinta, jiya ma ta ce a duk Fegge ba a taɓa yin miji marowaci irina ba, don na kawo mata goro biyu kacal.

Kin ce duk maganar da ta wuce layi biyar ba ta Watsaf ba ce, ta takarda ce, har sai rubutun Hausata ya miƙe. To ga shi na bi doka. Arzika direba ya yi ta yi mini dariya da na ce zan ba shi saƙo, wai mai gyaran waya guda yana aika wasiƙa a motar albasa.

Shago lafiya. Tsohuwar rediyon nan da na tsinta na tashe ta, na haɗa mata ƙaramin faifan sola, yanzu masu shagon layinmu a wurina suke jin labarai. Asabar ɗin da ta wuce kuma mun je kogon Ogbunike ni da abokaina uku. Anti, matattakalar saukar ta fi ɗari uku, kuma sai ka cire takalmi kafin ka shiga. Na ƙulle wayata a leda saboda ruwa, na ɗauko bidiyon jemagu suna tashi a kanmu, Aslam yana ihu yana kiran sunan uwarsa. Mutum dubu biyu sun kalla, shi kuma ya daina yi mini magana.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba. Kin tuna shafin da na buɗe a Fesbuk, Ƙofofin Fegge? Duk Asabar ina zagaya unguwa in ɗauki hoton ƙofar wani tsohon gidan Hausawa, in tambayi masu gida labarinta, in ɗora. Makon jiya ban samu fita ba, sai na ɗora ta gidanmu, koriyar ƙofar ƙarfen nan mai wata da tauraro da marigayi kakanmu ya sa maƙeri ya yi.

Ranar Laraba sai ga saƙo daga wata mai suna Fatimatuzzahra a Fatakwal. Ta rubuto: "Abeg, na who get this door? E dey my papa picture." Wato tana tambayar ƙofar ta gidan wa ce, don tana cikin hoton babanta. Ta turo wani tsohon hoto. Anti, ƙofarmu ce! Har lanƙwasar da ke gefen tauraron tana nan. Wani saurayi ne tsaye a gabanta, da tulin gashi da wando mai faɗin ƙafa. A bayan hoton an rubuta Fegge, 1980.

Ta ce mahaifinta ne, sunansa Hammadu, a tashar jiragen ruwa ya yi aiki, ya rasu shekara biyu da suka wuce. Bai taɓa kai su wurin danginsa ba, bai ma taɓa faɗa musu sunan gidan ba. Mahaifiyarta 'yar can ce, ta musulunta kafin aurensu, ita ma ba ta san kowa nasa ba. Yanzu za a ɗaura wa Fatimatuzzahra aure ranar 16 ga Nuwamba, angon ɗan wasu 'yan kasuwa ne Kanawa. Sun ce a nuna musu dangin uba da za su ba da aure. Gwaggwannin angon har sun fara cewa yarinyar ba a san asalinta ba, uban angon kuma ya ce in ba a ga kowa ba, a ɗage sai an bincika. Ta ce ta san irin wannan ɗagewar, ba a dawowa daga gare ta.

Na tura wa Baba hoton. Ya kira ni, layin yana yankewa, ya ce yana da wa da ya bar gida shi yana ɗan shekara biyar, bai riƙe fuskarsa ba, in bari ya dawo. Anti, shekarata ashirin da ɗaya a gidan nan, ban taɓa jin an ambaci wannan mutumin ba. Ki ce wani abu.

Ɗanki,
Jabir

Ogui, Inugu
Alhamis, 10 ga Oktoba

Ɗana Jabir,

Wa'alaikumussalam wa rahmatullah. Na samu takardarka a hannun Arzika a Kasuwar Artisan, tana ƙamshin albasa, na karanta ta a tsaye kafin in samu keke. Ina lafiya, alhamdulillahi. Ka gaishe mini da 'yar'uwata Ummarka, ka ce na yi murna da ƙafa. Ka durƙusa ka gaishe mini da Hajo, kuma ka ƙara mata goro, kada ka ba mu kunya.

Rubutunka ya yi kyau ƙwarai. Na karanta wa 'yan ajina labarin jemagu, suka yi ta dariya, yanzu sun tasa ni gaba sai na kai su. Na ce sai sun fara zuwa dajin Ngwo da ke kusa da mu, in na ga ba wanda ya ɓace, sai mu yi maganar kogo. Ka ga abin da ka jawo mini.

Ni ma na ɗan ci gaba. Zauren iyayen yara da ka buɗe mini a Watsaf yana aiki, har na iya jefa ƙuri'a a ciki kamar yadda ka nuna mini. Na tambaye su ranar da ta fi dacewa da taro, mutum talatin suka zaɓa, wani uba kuma ya danna duka ranakun huɗu. Abin da na kasa shi ne hana Maijidda mai abincin makaranta turo mana wa'azi da tallar turare. In akwai maɓallin wannan, ka zana mini shi a takarda.

Yanzu ga babbar magana. Jabir, na yi farin ciki har ƙwalla ta zo mini. Ka tuna mutanen da suka ce yawon Asabar ɗinka ɓata lokaci ne? Ga shi hoton ƙofa guda ya isa Fatakwal ya taɓo yarinyar da take neman gida. Don irin wannan nake ce wa ɗalibaina waya ba abin wasa ba ce kawai, ya danganta da hannun da ya riƙe ta.

Ni ban san fuskar ba, ka san ta wajen uwa muka haɗu da kai, gidanku sai a bikin Ummarka na fara shigarsa. Amma na taɓa ji a bakinta cewa Babanka ba shi ne ɗan fari ba. In haka ne, mutum ɗaya ya rage a duniya da ba zai ɓatar da wannan fuskar ba, ita ce Hajo. Ka kai mata maganar yadda ake kai irinta.

Ita kuma yarinyar ka kwantar mata da hankali. Kada ka ɗora komai nata a shafi tukuna, maganar aure ba ta son idon jama'a. Ka rubuto mini da zarar ka ji wani abu, ina nan kamar in yi tsuntsuwa in zo.

Antinka,
Baiwa

Fegge, Anaca
Litinin, 14 ga Oktoba

Anti Baiwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Kowa lafiya a nan. Yau Litinin, ranar zaman gida ce a nan, ba a buɗe kasuwa, shi ya sa na samu zama. Zanen maɓallin da kika nema yana bayan takardar nan, ki danna inda na yi da'ira, daga nan ke kaɗai za ki iya turo saƙo a zauren.

Maganar ta mutu, Anti. Ba 'yar'uwarmu ba ce, ko kuwa dai ba a son ta.

Na bi shawararki. Kin ce Hajo ce za ta sani, in kai mata. Ranar Asabar bayan la'asar ta fito tsakar gida tana tsince wake, Umma na nan, matan maƙwabta biyu ma na nan suna hira. Na ce ga dama ta samu, ga shaidu. Na ari wayar Aslam na kafa ta a kan ƙafafun ɗaukar hoto, na saita haske, don ina so in kama lokacin da za ta gane ɗanta in tura wa Fatimatuzzahra ta nuna wa dangin ango. Har na tsara yadda zan yanka bidiyon.

Na durƙusa na miƙa mata wayata, na buɗe hoton ya cika gilashi. Na ce, "Kaka, duba nan. Wannan ɗanki ne? Yaya sunansa?"

Ta kalla sau ɗaya, ko ƙiftawar ido ba a yi ba, ta kau da kai. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Na ce, "Kaka, Hammadu ne? Ɗanki ne na fari?"

Ta ce, "Kai, ɗauke mini wannan abu daga gabana. Ni ina na san shi? Je ka tambayi masu shi."

Matan nan suka fara haramar tafiya. Umma ta yi ta harara ta tana yi mini alama da hannu, na ɗauka cewa take in matsa kusa, sai na ƙara tambaya. Hajo ta ajiye farantin wake ta shige ɗaki ta saki labule. Umma ta ce, "Allah ya shirye ka, Jabir," ta bi matan ta raka su. Tun ranar ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma haushi bai bar ni na tambaye ta ba. Hajo kuwa ko tsokanata ta daina, in na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice.

Na ga bai kamata in bar yarinyar mutane tana jiran abin da babu ba. Na tura mata bidiyon yadda yake, na fassara mata, na ba ta haƙuri. Ta kalla, na ga alamar ta kalla. Ta rubuto layi ɗaya: "So na true say dem no want us." Wato ashe da gaske ne ba ma son su. Daga nan ta toshe ni a Watsaf da Fesbuk duka. Na kira lambarta, ba ta shiga.

Na san na yi abin da ya dace, gaskiya na faɗa mata. Amma ban ji daɗi ba. Abokaina sun shirya zuwa bakin kogi Asabar mai zuwa mu gwada kamarar da Aslam ya ɗaura a jikin balan-balan, na ce su tafi kawai. Wai me mutumin nan ya yi da har uwarsa za ta ce ba ta san shi ba?

Jabir

Ogui, Inugu
Alhamis, 24 ga Oktoba

Jabir ɗana,

Wa'alaikumussalam. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ɗazu a waya ihu kawai na yi maka, na ce kada ka ƙara taɓa komai sai takardata ta iso. Ga bayanin a natse. Motar Arzika ce ta lalace a hanya, takardarka ta kwana tara a aljihun gaban mota, sai yau ta zo hannuna. Kwana tara, yarinyar nan tana can tana ganin kakarta ta ƙi ta!

Laifin farko nawa ne. Na rubuta maka "yadda ake kai irinta", na manta a Fegge aka haife ka, ba ka taso inda ake ganin wannan abu kullum ba. Ni malama ce, na san ba a ɗauka ɗalibi ya san abin da ba a koya masa ba, amma na yi. Ka yafe mini.

Saurara. Mace irin Hajo, ta zamaninsu, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta kiransa, ba ta nuna shi a gaban mutane ta ce nawa ne, ko yana jariri ba ta yi masa wasa in da ido a wurin. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. In aka tambaye ta shi, sai ta ce ɗan wane ne, ko ta ce a tambayi masu shi, wato dangin ubansa. Kakata haka ta yi da kawuna har ta koma ga Allah, kuma shi ta fi so a duk 'ya'yanta, kowa ya sani.

Kai kuma ka same ta a tsakar gida, a gaban surukarta, a gaban maƙwabta, ga kamara a kafe, ka ce ta faɗi sunan. Ko yana tsaye a wurin da ransa, amsar da za ta ba ka ke nan. Ummarka ma ba za ta iya yi maka bayani ba, surukarta ce, ita ma da tata kunyar.

Ka yi tunani da kanka. Da baƙon fuska ka nuna mata, me za ta yi? Za ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta ce wane ne wannan mai gashi kamar kwando, ta ba ku dariya. Ba ta yi haka ba. Kallo ɗaya ta yi ta rufe fuska. Sannan mai shayin bakin layinku, ai Hammadu sunansa. Ka taɓa jin ta kira shi da shi? Ni a bikin Ummarka na ji tana aika a kira mata "mai sunan wani", ban gane dalili ba sai yanzu.

Ga abin da za ka yi. Ka wanko hoton a takarda, babba. Ka shiga gaishe ta da safe lokacin da ba kowa, ka ajiye shi kusa da dardumarta, ka yi mata hirar goro, ka fito. Kada ka tambaye ta komai. Wayarka ka bar ta a ɗakinka.

Abu na biyu, kuma ya fi nauyi: ba ta san ya rasu ba. Wannan ba a bakinka za ta ji ba, balle a gilashin waya. Babanka ne zai faɗa mata. Ka kira shi yau ka ce ya taho, shanu su jira.

Bidiyon nan kuma ka goge shi daga wayar Aslam da taka. Kada ka karaya, ɗana. Zuciyarka mai kyau ce, sauri ne ya yi maka yawa. Saura kwana ashirin da uku, sun isa.

Antinka,
Baiwa

Fegge, Anaca
Laraba, 30 ga Oktoba

Anti!

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kina lafiya. A gurguje nake rubutu, Arzika yana loda kaya.

Na goge bidiyon. Na ajiye hoton ranar Asabar kamar yadda kika ce. Da na leƙa da azahar babu shi a wurin. Baba ya iso ranar Lahadi da yamma. Ya ce mini abin da kawai ya riƙe shi ne wani yana ɗora shi a wuya ya kai shi kallon gadar kogi. Ya ce daga baya ya ji cewa kakanmu ya so Hammadu ya gaje shi a mahauta, shi kuma ya ce sai aikin jirgin ruwa, tsoho ya rantse in ya fita kada ya dawo, kuma ya hana a ambace shi.

Litinin da safe Hajo ta aiko a kira ni, Baba yana zaune a bakin ƙofarta. Ta ce, "Kai marowaci, mai takardar da ka yar mini a ɗaki, yana ina?" Na kalli Baba. Baba ya matsa ya faɗa mata a hankali. Ta yi salati, ta nemi ruwa ta yi alwala. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Da ta idar da salla sai ta ce, ba ta kalli kowa ba, "Ya bar baya?" Baba ya ce mace ɗaya, kuma aurenta ya zo, ana neman mai bayarwa. Ta ce, "To zaman me kuke yi?"

Matsalar ita ce ban san inda Fatimatuzzahra take ba, kuma ta toshe ni. Amma tun farkon hirarmu ta turo mini hoton shagonta na ɗinki. Na buɗe shi a kwamfuta na ƙara girmansa. A gilashin tagar shagon ana ganin inuwar allon wani kemis da ke tsallaken titi, rubutun a juye. Na juya hoton, na karanta sunan, na nema a taswira, guda uku suka fito a Fatakwal. Ɗaya ne kawai yake da hasumiyar masallaci a bayansa kamar yadda ta fito a hoton, a unguwar Diobu. Akwai wani mahauci, Sagiru, da yake bin shafina daga can, na roƙe shi ya wuce ta layin ba tare da ya yi wa kowa magana ba. Ya ce shagon yana nan, labule ruwan hoda.

Gobe da sassafe za mu hau mota ni da Baba. Ki yi mana addu'a kada ta kore mu.

Jabir

Fegge, Anaca
Juma'a, 8 ga Nuwamba

Zuwa ga Anti Baiwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kina lafiya, ya shirin jarrabawar yara? Mu nan lafiya, sai dai gida ya cika, ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Na faɗa miki a waya cewa an dace, kika ce ba ki yarda ba sai kin gani a rubuce dalla-dalla. To ga shi.

Mun isa Diobu da azahar. Ni na fara shiga shagon. Tana kan keken ɗinki, ta ɗago ta gane ni, fuskarta ta canza.

"You don come video me too?" in ji ta, wai ita ma bidiyonta na zo ɗauka.

Na ciro wayata na kashe a gabanta na ajiye a kan tebur. Na fara ba ta haƙuri, ina haɗa Hausa da Turancin kasuwa, ina ƙoƙarin bayyana mata maganar ɗan fari, ita kuma tana cewa in fita kafin ta kira mutane. Sai Baba ya yi sallama daga waje. Sallama kawai, Anti. Almakashi ya faɗi daga hannunta. Ta ce muryar babanta ce sak. Da ya shigo ta kalle shi daga hula har takalmi, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Baba ma ya juya yana goge ido da bakin riga, ban taɓa ganin haka ba.

Mun gaisa da mahaifiyarta, mace mai kirki, ta ce sau uku marigayi yana shirya tafiya Anaca, sai ya kai tasha ya juyo. Ta kai mu kabarinsa muka yi addu'a. Washegari bayan sallar Juma'a Baba ya sa babbar riga ya je wurin mahaifin ango. Ashe ma sun san mutane ɗaya a Kano. Baba ya ce shi ne ƙanin uba, shi zai ba da aure, ga gida a Fegge duk mai son bincike ya zo. Ranar tana nan, 16 ga wata, ba a ɗaga ba.

Ranar Talata Fatimatuzzahra da mahaifiyarta suka zo ganin Hajo. A bakin ƙofar nan ta tsaya ta dafa ta kafin ta shiga. Tsoro take ji, ta ce mini in tsohuwar ta sake kau da kai, ita komawa za ta yi. Na ce ni dai wannan karon bakina a rufe, sai in an nemi tafinta.

Ta durƙusa ta gaishe ta da 'yar Hausar da take da ita. Hajo ta kama haɓarta ta juya fuskar dama da hagu.

"Wannan ce amaryar? Da wannan goshin? Wane ne ya gan ta ya ce yana so, ko ba ya gani sosai?"

Na fassara, na ƙara da cewa a wurinmu kaka ba ta zagin baƙo, jikanta take zagi. Ta ce in gaya wa Hajo goshin ai gadonsa ta yi, ga mai shi nan zaune a gabanta. Ɗakin ya kaure da dariya. Hajo ta ce, "Ji mara kunya! Ku ba ta tabarma, kada ta ce gidanmu ma rowa ake yi kamar wannan marowacin."

Bayan an watse, saura mu uku, Hajo ta sa ta matso har gwiwarsu ta haɗu. Ta daɗe tana murza carbi. Sannan ta yi ƙasa da murya, idonta a kan tabarma.

"Har ya tafi bai fara cin kuɓewa ba ko?"

Na buɗe baki zan fassara, Fatimatuzzahra ta ɗaga mini hannu. Wannan kalmar ta san ta. Ta ce, da Hausarta mai tsalle, "Kaka, ko wari ba ya so. In Mama ta dafa, waje yake ci abinci."

Hajo ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta lalubo hannun Fatimatuzzahra ta riƙe. Can ta ce daga cikin mayafin, "Taurin kai. Tun yana goye haka yake." Ba ta saki hannun yarinyar ba har aka kira la'asar.

An ɗauki mota guda daga nan ranar Juma'a mai zuwa. Hajo ta ce da ita za a je, duk wanda ya ce tafiyar ta yi mata nisa ya zauna ya yi gadin gida. Umma ta ce in gaya miki ankonki yana wurinta, ki taho ta Anaca mu wuce tare, kada ki kawo mata zancen jarrabawa.

Ki gaida ɗalibanki. Allah ya kawo ki lafiya.

Ɗanki,
Jabir